Kalifoniya, Niyok ko Teksas: ina mai mota zai fi samun sarari da dokar hayaƙi?

Yawancin 'yan uwanmu da ke Amurka in za su canza jiha, kuɗin haya da haraji da inda aiki yake su ake fara lissafawa, mota kuwa gani ake ai tuƙa ta kawai zaka yi ka tsallaka, sai ranar da mutum ya je yin rajista aka ce masa ina takardar gwajin hayaƙi, nan ido ke raina fata. Shi ya sa naga gara a baje maganar a fili, a kan jihohi ukun nan da aka fi yawan tambaya: Kalifoniya, sai Niyok inda Hausawan Gana da na Nijar suka cika Bronx, sai Teksas da 'yan Najeriya suka mayar gida, Hiyuston da Dalas.

Ra'ayina tun daga farko, kar in wahalar da mai gaggawa: in motarka sabuwa ce ko sabuwa-sabuwa kuma baka taɓa mata komai a inji, bambancin bai taka kara ya karya ba, wani wurin ma Kalifoniyar ce ta fi maka. Amma in tsohuwar mota kake lallaɓawa, ko kana cikin masu ƙaiƙayin hannu da basa iya ganin inji su ƙyale shi yadda kamfani ya yi shi, to jihar da ka zauna ita zata yanke maka abin da zaka iya da wanda bazaka iya ba.

Dalilin da ya sa Kalifoniya ke da tata doka daban ba wai jin kai bane kawai. Los Anjalis duwatsu ne suka rufe mata baya, hayaƙi in ya tashi baya samun hanyar fita sai ya kwanta a kan gari, a shekarun 1940 mutane idonsu na ruwa ba a san takamaiman dalili ba, sai a farkon shekarun 1950 wani malamin kimiyya a jami'ar Caltech, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin mota ne da na masana'antu in zafin rana ya dafa su suke zama wannan hazon. A 1967 Ronald Reagan yana gwamna ya sa hannu aka kafa hukumar CARB, mai kula da tsaftar iskar jihar. To da yake jihar ta riga gwamnatin tarayya fara wannan aiki, dokar tsaftar iska ta ƙasa sai ta bar mata ƙofar yin tata ƙa'ida mai tsauri in EPA, hukumar kare muhalli ta tarayya, ta amince, sannan daga 1977 aka ce kowace jiha ta zaɓa, ko ta bi ta tarayya ko ta kwafi ta Kalifoniya, babu ta uku. Niyok ta kwafa tun tuni, haka Masacusets, Niyu Jasi, Merilan, Oregon, Kolarado da wasu, jihohi goma sha ne. Teksas bata kwafa ba.

Sai dai akwai inda mutane ke cakuɗa abu biyu. Ƙa'idar da ake gindaya wa kamfani kafin ya sayar da sabuwar mota daban, gwajin da ake wa motarka kai mai ita daban. Jihar Washinton tana bin ƙa'idar Kalifoniya wajen sabbin motoci amma ta rufe tashoshin gwaji tun farkon 2020. Teksas bata bin Kalifoniya amma a manyan biranenta duk shekara sai an gwada. Filorida ta daina gwaji tun 2000, Mishigan ma babu. Saboda haka in wani ya ce maka jiha kaza "ba ruwansu", tambaye shi wanne daga cikin biyun yake nufi.

Mu fara da gwajin kansa tunda shi ne kowa ke haɗuwa da shi. A yawancin Kalifoniya duk shekara biyu ne, simog cek suke ce masa. Motar fetur da bata wuce shekara takwas ba an ɗauke mata, ɗan wani kuɗi kawai ake ƙara maka a kan rajista. In ta haura takwas ta shiga layi, kuma fita sai ranar da ta mutu, domin motocin 1975 zuwa baya ne kaɗai aka yafe wa. Da can akwai tsarin cewa duk motar da ta cika shekara 30 ta huta, a 2004 aka soke shi aka daskarar da layin a 1975, kaga ke nan motar 1976 duk tsufanta har gobe sai ta je an zura mata ƙarfe a salansa. A 2025 an kai ƙudurin sassautawa majalisar jihar, Jay Leno ɗan barkwancin nan mai tarin motoci ya tsaya masa tsayin daka har ana kiran ƙudurin da sunansa, amma a kwamiti ya maƙale.

Teksas kuwa duk shekara ne, amma a gundumomi 17 kacal cikin 254 da jihar ke da su, wato kewayen Hiyuston, Dalas da Fot Wot, Ostin, da El Paso, San Antoniyo kuma an tsara shigarta a Nuwamban 2026. Motar fetur mai shekara 2 zuwa 24 ake gwadawa, da ta cika 25 shike nan ta yi sallama da su. Sannan daga 1 ga Janairun 2025 sun soke duba lafiyar mota na birki da fitila ga motocin da ba na kasuwanci ba, dala 7.50 kake biya a madadinsa. Niyok tana tsakiya: duk shekara, duk faɗin jihar, a haɗe da duba lafiyar mota, amma ita ma in mota ta haura shekara 25 an sallame ta daga ɓangaren hayaƙi.

Ɗauki Marsandi Bi-but ta 1992, irin wadda iyayenmu suka ja a Kano da Kaduna, ace kana da ita kana ji da ita. A Hiyuston ko Bronx babu mai tambayarka abin da ke fita daga bututunta. A Los Anjalis kuwa duk shekara biyu sai an hau da ita kan wasu rodi masu juyawa ana taka totur ana auna hayaƙin, a buɗe bonet a bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa da zanen da ke jikin sitika, in tiyo ɗaya ya tsage ko wani ƙaramin bawul da kamfani ya daina ƙerawa tun shekara ashirin ya mutu, ka faɗi, kuma babu rajista sai ka ci. Wannan dubawar ta ido ita ce ainihin bambancin Kalifoniya. Motocin 2000 zuwa sama ba a auna musu salansa, kwamfuta ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta karanta birenbokis, amma duk da haka sai an leƙa cikin bonet, kuma ko hayaƙinka ya fi na jariri tsafta in aka ga kayan da basu da izini ka faɗi.

Wani abu da mutanenmu suka saba yi a gida wanda baya ci a jihohin nan duka uku: fitilar cek injin ta kama, sai a cire kan batir a mayar ta mutu, a ruga wurin gwaji. Ai kwamfutar motar tana nuna cewa yanzu aka goge ta, bata gama duba kanta ba, za su ce ka je ka yi ta yawo kwana biyu ka dawo, kafin nan fitilar ta sake kamawa. Kalifoniya tun 2019 ta ƙara da duba wata lambar matsala da bata goguwa da na'ura ko cire batir, sai motar da kanta ta tabbatar an gyara.

Yanzu babbar magana, katalis, abin da ke tace hayaƙi a cikin bututun salansa, wanda makanikan gida ke ce wa indomi. A gida in ya toshe fasa shi ake a zazzage, wani lokacin ma ba tare da mai motar ya sani ba tunda akwai masu saye. A Amurka cire shi laifi ne a ko'ina har a jihar da ba a gwaji, dokar tarayya ce. Abin da ya bambanta shi ne wane iri aka yarda ka saka in naka ya gaji. Ace Camry Masul ko Honda EOD ɗinka ta nuna P0420, lambar matsalar katalis da duk mai tsohuwar mota ya sani. A Teksas zaka iya saka na kasuwa mai amincewar EPA, mai sauƙin kuɗi. A Kalifoniya tun 2009 dole sai mai lambar EO, wato lambar amincewar CARB, a buge a jikinsa, kuma lambar sai ta dace da ainihin injin motarka, na hannu kuma haramun ne ko da lafiyarsa ƙalau aka ciro shi daga motar da ta yi hatsari jiya. Kolarado ta bi sahu a 2021, Niyok ma tun farkon 2023 haka abin yake, wannan da yawa daga mutanen Bronx basa sani sai sun je wurin makaniki sun ji farashi. Kuɗin mai EO sau da yawa ninki biyu ne ko fiye, wasu motocin ma babu na kasuwa da aka amince da shi sai dai na kamfani, wanda zai iya fin kuɗin motar gabaɗaya. In ka ce bari in yi oda ta intanet, da ka rubuta adireshin Kalifoniya shagon zai ce maka basa turawa can.

Amma a yi adalci, tsadar ba ta banza bace. Mai EO an fi zuba masa ƙarafa masu darajar nan, filatinam da faladiyam da rodiyam, garantinsa shekara 5 ko mil 50,000, shi kuwa mai arahar garantin aikinsa mil 25,000 ne, kuma ba abin mamaki bane bayan shekara ɗaya da rabi fitila ta sake kamawa. In motar zaka daɗe da ita, ko a Teksas kake ni mai EO ɗin ko na kamfani zan ce ka saka. In kuwa shekara ɗaya kake so ta ƙara maka ka rabu da ita, to nan Teksas ta yi maka rana.

Ga masu Uba da Lyft da masu zuwa aiki su dawo, akwai wata riba da ba a cika faɗa ba. Garantin tarayya a kan katalis da birenbokis shekara 8 ne ko mil 80,000. A Kalifoniya da wasu daga cikin jihohin da ke binta, motar da aka yi wa shaidar PZEV, wato ajin motocin da hayaƙinsu kaɗan ne ƙwarai, kayan hayaƙinta na da garantin shekara 15 ko mil 150,000, batirin haibirid kuma shekara 10 ko mil 150,000. Mota iri ɗaya, inji iri ɗaya, wanda ya yi rajista a Sakaramento dila ya gyara masa kyauta, na Dalas ya zaro daga aljihu. Sannan in zaka sayi ta hannu a Kalifoniya mai sayarwa ne doka ta ɗora wa kawo takardar simog wadda bata wuce kwana 90 ba, sai dai in motar bata haura shekara huɗu ba, saboda haka da wuya a liƙa maka wadda aka zazzage wa indomi. A ƙauyen Teksas kuwa idonka shi ne garantinka, ka shiga ƙarƙashi ka duba da kanka. Kalifoniya kuma tana da wani shiri da take taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin gyara, ko ta baka dala dubu da ɗoriya ta karɓi tsohuwar ta murƙushe. Abin da ke cinye wannan ribar shi ne fetur, nasu haɗi ne na musamman, ga haraji, kusan kullum suna cikin mafi tsada a ƙasar, Teksas kuwa tana cikin mafi araha, mai yini a kan titi yasan abin da nake nufi.

To masu ƙaiƙayin hannu fa? Nan kam babu kunnen doki. A Kalifoniya duk abin da ya shafi numfashin inji, daga bututun shan iska, hedas, turbo, sufacaja, har zuwa tunin, wato sauya manhajar birenbokis don ƙarin ƙarfi, sai yana da lambar EO. Tun Yulin 2021 kwamfutar gwaji tana duba ko manhajar da ke cikin birenbokis ta kamfani ce ko wadda CARB ta amince da ita, in ba haka ba ka faɗi, shi ya sa zaka ga samari duk shekara biyu suna kwance kayansu su mayar da na kamfani su je gwaji su dawo su sake ɗaurawa, wahala dai. Canza inji ya halatta amma da sharaɗi: injin ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, daga ajin mota irin tata, ka kwaso shi da duk kayan hayaƙinsa, sannan ka kai wa alƙalin jiha da suke kira ref ya duba ya manna maka sitika. Ɗan sanda ma in ya tsayar da kai ya ga abin da bai gamsu ba zai iya rubuta maka ka je wurin ref ɗin. Salansar baya wadda ta wuce katalis ba ruwanta da hayaƙi, amma ƙararta kar ta haura desibel 95. Ga wani ƙaramin abin haushi, fetur ɗinsu mafi ƙarfi a yawancin gidajen mai lamba 91 ne, a yawancin Teksas kuwa 93 ake samu, mai tunin yasan wannan biyun ba wasa bace.

A Teksas muddin kwamfuta bata nuna matsala ba kuma katalis na nan, babu mai neman wata lambar EO a jikin bututun iskarka. Niyok ma gwajin nata ya fi karkata ga kwamfuta da tabbatar da kayan hayaƙi na nan, sai dai su ƙara ce suka tsana, tun 2022 tarar salansa mai ihu ta kai dala 1,000, cikin birnin ma har kyamarori masu jin ƙara suka kafa a wasu tituna.

Masu sha'awar motocin Japan masu sitiyari a dama kuma, irin su Skyline: dokar tarayya ta ce in mota ta cika shekara 25 shigo da abarka, shi ya sa 2024 ta zama shekarar biki ga masoya Skyline samfurin R34. Teksas zata yi maka rajista ba tare da wani dogon turanci ba. Kalifoniya kuwa sai an gyara motar ta cika ƙa'idarsu an kai ta ɗakin gwaji na musamman, aikin dubban daloli, da yawa haƙura suke. Wasu sai su bi ta bayan gida su buɗe kamfanin takarda a Montana su yi lamba can tunda babu gwaji babu harajin saye. Ni dai bazan ba ɗan uwa wannan shawarar ba, wlh, Kalifoniya ta san dabarar kuma tana bibiya, ga inshora da zata iya zamewa ranar da aka yi hatsari, balle wanda takardun zamansa basu gama nuna ba, meye na jawo wa kai magana saboda mota.

Dizal ma haka. A-kori-kurar dizal ta 1998 zuwa sama tana shiga simog a Kalifoniya, a Teksas ba a yi wa dizal gwajin hayaƙi sam, shi ya sa masu cire matatar toka da sauran kayan suka fi yawa a irin waɗannan jihohi. Amma rashin gwaji ba halasci bane, EPA ta taɓa ƙiyasta a 2020 cewa sama da a-kori-kura 550,000 aka yi wa haka, an ci tarar garejoji da masu sayar da kayan, kamfanin ƙera injina na Cummins kansa a ƙarshen 2023 ya amince da tarar dala biliyan 1.675 kan injinan a-kori-kurar Ram. Zafin bibiyar yana hawa da sauka gwargwadon wanda ke Fadar White House, dokar dai tana nan a rubuce, kuma ranar da ka tashi sayarwa dila da yawa bazai karɓa ba.

Maganar "za a hana motar fetur a 2035" da ke tsorata mutane, a sassauta. Tsarin da Kalifoniya ta fitar a 2022 kan sabbin motocin da kamfani zai sayar ne, kashi 35 cikin ɗari masu lantarki a 2026, 68 a 2030, ɗari bisa ɗari a 2035, har da gurbin haibirid mai caji a ciki, bai taɓa ta hannu ba, bai ce ka ajiye wadda kake ja ba. Kuma a Yunin 2025 Trump ya sa hannu kan matakin majalisa na soke izinin da EPA ta ba wannan tsarin, Kalifoniya da wasu jihohi suka garzaya kotu. Wannan rigimar duk yadda ta ƙare bata shafi simog cek ko dokar katalis ba, su na jiha ne. Kar ka canza gari saboda ita.

To in ni ne zan ba da shawara: mai motar da bata kai shekara takwas ba, wanda ko man inji dila ke canza masa, ya je duk inda aiki ya kira shi, lissafin fetur da inshora kawai zai yi. Mai motar shekara 12 zuwa 20 da fitilarta ke kamawa tana mutuwa, in Kalifoniya ko Niyok zai koma, ya sayar da ita tun yana inda yake ya sayi wata a can, domin Kalifoniya kwana 20 kacal take ba sabon mazauni ya yi rajista kuma sai da simog, Niyok da Teksas kwana 30. Mai son tsofaffin motoci na 1976 zuwa 1999 ko mai tunin, Teksas, ba ma sai an ja ba, Niyok in ya iya riƙe ƙarar salansarsa. Mai zama a Kalifoniya da ya hango sabuwar mota da araha a wata jiha, ya buɗe bonet ya karanta farar sitikar nan ta bayanin hayaƙi kafin ya biya, in babu sunan Kalifoniya a jiki kuma motar bata yi mil 7,500 ba bazasu yi mata rajista ba. Yawancin sabbin motoci yanzu na jihohi hamsin ne duka, amma akan samu waɗanda ba haka ba, musamman babura da wasu manyan a-kori-kura.

Su kuma masu saye a gwanjon Copart da IAA suna turawa Legas ko Kwatano, motar da ta faɗi simog a Kalifoniya ba lallai matacciya bace, sau da yawa kuɗin katalis ne ya fi ƙarfin mai ita ya sallama, ga jikinta babu tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan Niyok lokacin ƙanƙara, ta wannan ɓangaren kam ta fi ta arewa maso gabas nesa ba kusa ba. Abin dubawa biyu ne: hoton ƙarƙashin motar, saboda ɓarayin katalis sun addabi jihar musamman Prius ta 2004 zuwa 2009 lokacin da rodiyam ya yi tashin gwauron zabi a 2021, sai kuma sitikar bonet ɗin, domin wasu injinan PZEV oksijin sensa da wasu ƙananan kayansu sun bambanta da na sauran, in ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka neman sifeya ka tafi da lambar da ke jikin tsohon, kar ka ce wa mai shago Camry 2009 kawai.